A duba faɗin ƙasar Birnin Gwari kafin a ƙayyade gundumominta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin gwamnatin Jihar Kaduna a kan tsarin mulkin ƙasar Birnin Gwari, musamman yanzu da sulhun da aka cimma da 'yan bindiga a ƙarshen shekarar 2024 ya sa aka sake buɗe kasuwar shanu, manoma kuma suka fara komawa gonakin da suka daɗe da gudu daga gare su.

Wanda bai taɓa bin wannan hanya ba ba zai gane girman ƙasar ba. Daga Kaduna zuwa garin Birnin Gwari tafiyar kimanin kilomita 120 ce, ta Buruku da Udawa, kuma da wannan hanyar matafiya ke bi ta Tegina da Mokwa su gangara Legas. Ƙaramar hukumar ta yi iyaka da jihohi uku, wato Zamfara da Katsina da Neja, sannan a cikin gida tana maƙwabtaka da Giwa da Igabi da Chikun. A cikinta ne gandun dajin Kamuku yake, wanda ya zama na gwamnatin tarayya a 1999, kuma dajin bai san iyakar jiha ba, domin yana haɗe da na Kuyambana da ke ɓangaren Zamfara. Duk wannan faɗi mazaɓu 11 kacal ke riƙe da shi. Mutumin Dogon Dawa ko Kuyello da ke gabas, Funtuwa ta fi masa kusa a harkokinsa na kasuwa, alhali mutumin Randagi ko Kakangi da ke yamma idonsa na kan Neja ne.

Tarihi ma ya nuna ƙasar ta saba riƙe kanta. A zamanin Turawa tana cikin Lardin Zariya, amma ba a ƙarƙashin Sarkin Zazzau ba. Ɗaya ce daga cikin gundumomi masu zaman kansu, kamar Kagoro da Jaba da Marwa, kuma har yau masarauta ce mai sarkinta.

A shekarar 2017 gwamnatin jiha ta rage gundumomin jihar daga 390 zuwa 77, ta mayar da su yadda suke kafin 2001, aka sauke hakimai da dagatai masu yawa. Hujjar da aka bayar ita ce ƙananan hukumomi ba sa iya ɗaukar albashinsu, kuma ni ban ce hujjar banza ce ba, domin an san wasu gundumomin siyasa ce ta haife su. Sai dai an auna Birnin Gwari da mudun da aka auna unguwannin cikin Kaduna, inda hakimi zai iya zagaye ƙasarsa kafin azahar. A dajin da ƙauye ke nesa da ƙauye, mai unguwa ne ke sanin baƙon da ya sauka, dagaci ne ke sanin iyakar gona da burtali, shi ne kuma ke jin labarin sabon ramin haƙar zinare tun kafin jami'an tsaro su ji. Idan aka nisanta waɗannan mutane da hakiminsu, rahoto kan makara, rigimar da za a kashe a zaure kuma sai ta girma.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma Gwamna Uba Sani da majalisar dokokin jiha su zauna da Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, a sake duba yawan gundumomi da dagatan wannan ƙasa bisa faɗinta da nisan garuruwanta, a kuma tabbatar wanda aka naɗa yana zaune cikin jama'arsa, ba a Kaduna ba, ana biyansa haƙƙinsa a kan kari.

Wassalam.

Naku,
Mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna