Malaminmu ya tafi, ajinsa kuma har yau ba rufi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Edita dan Allah ka sam min ɗan fili a jaridarmu mai farin jini. Na san shafin ta'aziyya yawanci na masu rawani ne da masu muƙami, to ni yau ta wani malamin firamare na ƙauye na kawo, wanda ko hoton kirki ba mu samu nasa ba sai na jikin katin zaɓe. Talatar makon jiya Allah ya karɓi abinsa a nan ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, bayan ɗan gajeren ciwo. Kowa a garin Malam kawai yake ce masa, har dagaci, kuma in aka ce Malam ba a tambayar wanne.

A 1976 aka turo shi, shekarar da gwamnatin Obasanjo ta fara UPE, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, lokacin ma babu wata Jigawa duk Jihar Kano muke sai a 1991 aka yanke mu. Saurayi ne ɗan siriri da kekensa Rale da akwatin ƙarfe ɗaya. Makarantar aji biyu ce, ƙararrawa wilin mota ne rataye a jikin darbejiya, allo kuma in ya koɗe sai a fasa tsohon batir a shafe shi da baƙin ciki. Yara fa babu, don in aka hango kekensa uwaye cikin rumbu suke cusa 'ya'yansu, wai boko za ta mai da su arna. Abin da ya cece shi shi ne ya sauke Alƙur'ani kafin ya shiga kwalejin horon malamai, ranar da liman ba ya nan aka tura shi gaba ya ja sallar magariba, daga nan bakin wasu ya mutu.

Ni a 1981 ya kamo ni, kuma kamu ne na gaske. Sau biyu yana zuwa gidanmu Baba yana ce masa ba na nan alhali ina bayan danga da awaki ina jin su. Zuwa na uku bai je gida ba, gona ya bi mu ana noman firi, ya jingine keke ya naɗe ƙafar wando ya ɗauki fartanya ya kama kunya ɗaya, bai ce komai ba har sai da rana ta take. Da aka zauna shan fura Baba ya ce, Malam wai me kake nema da ni ne haka? Ya ce, Baba yaron nan za ka ba ni aro daga safe zuwa azahar, da damina kuma ko ya makara ba zan dake shi ba. Baba ya yi dariya ya ce ɗauke shi ka huce. Alƙawarin damina ya cika shi, amma da rani kam na sha bulala, don Malam ba ya wasa da makara kuma hannunsa da nauyi, ba zan ce don ya mutu ba ya duka ba.

Ba kuma kullum yake nasara ba. Yayata tana aji biyar, ta fi ni ƙoƙari nesa ba kusa ba, aka cire ta aka yi mata aure. Malam ya yi zarya har ya gaji, da abin ya faskara wata guda cur gaisuwa kawai ke haɗa shi da Baba. Amma 'ya'yanta mata uku duk shi ya rubuta sunansu a rajista da hannunsa, ɗaya yanzu ungozoma ce a asibiti.

In an tashi daga makaranta kuma wani aikin ne sabo. Da daddare ajin yaƙi da jahilci na magidanta da fitilar ƙwai, a nan kawuna ya koyi rubuta sunansa ya daina dangwale. Wasiƙar 'yan ci-rani daga Ikko shi ke karantawa shi ke rubuta amsa, kuma ba a taɓa jin sirrin gidan wani a bakinsa ba. Shekarar sanƙarau, 1996, shi da wasu samari ne suka yi ta ɗora marasa lafiya a amalanke zuwa bakin titi lokacin da kowa ke gudun kowa.

Wanda ba zan manta ba shi ne rikicin rigakafin shan inna na 2003. Ka tuna Edita har Kano ta dakatar da shi sai a 2004 aka dawo, jita-jitar wai akwai maganin hana haihuwa a ciki ta cika ko'ina, mu nan in masu ɗigon suka shigo sai ka ji ana rufe ƙofofi. Ni kaina a lokacin ban yarda ba, na hana a yi wa ɗana. Malam bai yi wa kowa wa'azi ba, ɗaukar autarsa ya yi a kafaɗa ya kai ta ƙofar gidan dagaci aka ɗiga mata a gaban jama'a, sannan ya juyo ya ce ku dubi ɗan gidan wane da ke jan gindi, wa zai so nasa ya zama haka. An zage shi, an ce kuɗi aka ba shi, wasu har suka daina amsa sallamarsa. Da aka sanar a 2020 cewa cutar ta kau daga Najeriya na je na same shi a kan tabarma na ce Malam ka yafe min, ya ce me ka yi, wai shi ya ma manta.

Ya yi ritaya a 2011 da ya cika shekara 35 yana aiki, amma ritayar ta takarda ce, kullum yana makaranta yana riƙe wa 'yan aji ɗaya kyauta saboda malaman ba su isa ba. Ambaliyar 2022 da kogin Haɗeja ya yi mana ɓarna ƙarfinsa ya riga ya ƙare, ba ya iya ɗaukar buhun yashi zuwa jinga, sai ya zauna da biro da littafi yana rubuta gidajen da suka rushe da yawan mutanen ciki, da wannan littafin aka raba ɗan tallafin da ya zo ba a yi faɗa ba.

To ga abin da ya sa na rubuto. Ranar sadakar uku motoci sun cika ƙofar gidansa, tsofaffin ɗalibansa ne daga Dutse da Kano da Abuja, wasu na kwashe shekara ashirin ban gan su ba, masha Allah an yi kuka an yi addu'a. Sai na ji ana maganar a buga kalanda da hotonsa a kafa ƙungiya da sunansa. Ni ba na ƙi ba ne, amma 'yan'uwa, taku nawa ne daga inda kuka ajiye motocinku zuwa makarantar? Ajin da ya koyar da mu iska ta yaye kwanonsa damina biyu ke nan, yara a ƙasa suke zaune, hadari na haɗowa a tashe su. Malam ya rubuta takarda ya kai inda ya dace ya fi a ƙirga, kullum a ce ana dubawa, har ya koma ga Mahaliccinsa. Ni tela ne, Lahadi kawai nake samun ciniki mai ɗan auki a kasuwar Gujungu, amma na ɗau nauyin ƙusa da kuɗin kafinta. Saura bandir ɗin kwano da katako da siminti na daɓe. Mun sa za a haɗu washegarin Sallah bayan la'asar a gindin darbejiyar nan, wilin motar ma yana nan inda kuka bar shi, wanda ba zai samu zuwa ba ya aiko ta hannun dagaci.

Allah ya jiƙan Malam ya kai haske kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.

Naku,
Wani tsohon ɗalibinsa, daga ƙasar Ringim, Jihar Jigawa.