A tsara bitar kwamfuta a jami'o'i bisa aikin da ke gaban ma'aikaci

Assalamu alaikum Edita. Ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da shugabannin jami'o'inmu kan yadda ake shirya wa malamai da sauran ma'aikata bitar koyon kwamfuta.

Ni malami ne a wata jami'a a nan Arewa, kuma yau shekara shida ina riƙe da aikin jami'in jarrabawa a sashenmu. Duk ƙarshen zangon karatu makin ɗalibai sama da ɗari huɗu kan bi ta hannuna kafin ya je gaban tsangaya, daga can ya wuce majalisar jami'a. Abin da zan faɗa ganau ne ni a kansa, ba jiyau ba.

Bara aka kawo mana sabuwar manhajar shigar da maki, aka kira bitar kwana biyu ana tsakiyar jarrabawa. Da yawanmu suna ɗakunan jarrabawa suna sa ido a kan ɗalibai. Mu da muka samu zuwa aka tara mu wajen mutum ɗari a zaure ɗaya, majigi ɗaya, mai koyarwa ɗaya daga kamfanin da ya sayar da manhajar. Shi yake danne-danne, mu namu ido. Farfesan da hannunsa bai saba da linzamin kwamfuta ba, da matashin da ya yi digirinsa a kanta, darasi ɗaya aka karanta musu. Aka raba takardar shaida kowa ya watse. Da lokacin shigar da maki ya zo bayan mako shida, sai ga malamai sun yi layi a ƙofar ofishina, kowa da takardunsa a hannu.

Layin bai dame ni ba kamar abin da ya biyo baya. Wani abokin aikina, mutum mai gaskiya da kula, ya so ya jera makinsa a manhajar lissafi ta Excel kafin ya ɗora. Ya zaɓi layin maki kaɗai ya jera, lambobin ɗalibai suka tsaya inda suke. Nan take makin wannan ya koma kan wancan. Wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe da ta ci 68 ta wayi gari da 38. Wanda bai san lissafinmu ba zai ga tazarar maki 30 ce kawai. A tsarin da muke bi 68 B ce, darajarta 4, a kwas mai nauyin 3 kuwa ta tashi 12 ke nan. Ita 38 faɗuwa ce, sifili, sai an maimaita kwas, wato ƙarin shekara da rasa tafiya bautar ƙasa tare da sa'o'inta. Yarinyar ta zo tana kuka, muka kwana biyu muna tonon takardun amsa kafin muka gano cewa ajin ne gaba ɗaya ya hautsine. Har yau nakan tuna da waɗanda da ba su zo ba, da sun haɗiye abin sun ce ƙaddara ce. Darasin minti goma, a kan kwamfutarsa da makin ajinsa, ya isa ya hana wannan.

Ba yau aka fara yi mana hannunka mai sanda ba. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, don haka ɗaliban da ke shigo mana sun riga sun ɗanɗana. A Maris 2020 annobar korona ta rufe makarantu, aka yi ta kiran a koma koyarwa ta intanet, ga kuma yajin aikin ASUU da ya kai Disamba. A lokacin ne da yawanmu suka fara jin sunan manhajojin Zoom da Moodle da ake koyarwa da su ta intanet, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. A ƙarshen 2022 hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fito da sabon tsarin kwasa-kwasai na CCMAS, wanda ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Sababbin kwasa-kwasai da sababbin lambobi, duk sai wani ya zauna ya shigar da su. Taimako kuma akwai shi: asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund na tallafa wa horar da ma'aikata, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ma tana da cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta Digital Bridge da ke da reshe a Kano. Tsari ne ya yi mana ƙaranci.

Roƙona na farko, a tambayi mutane kafin a koya musu. Abin da akawun ofishin kuɗi ke buƙata daban, na mai duba kundin digiri na biyu daban. Sannan a saka bitar cikin kalandar karatu tun farkon shekara, yadda ake saka ranar rajista: ta shigar da maki mako biyu kafin jarrabawa, ta koyarwa ta intanet a lokacin hutu. Kada aji ya wuce mutum goma sha biyar, kowa da kwamfuta a gabansa da aikinsa na gaske, a kuma tanadi man janareta da data, don na sha ganin bita ta mutu saboda an ɗauke wuta.

Akwai waɗanda ake mantawa da su, kuma su ne ƙashin bayan kowane sashe. Sakatariyar sashenmu ta fi shekara ashirin tana buga jadawali da wasiƙu, amma ba a taɓa rubuta sunanta a jerin masu zuwa bita ba. Abin da ta iya, 'yarta ce ta koya mata a gida. Irinta a yi musu nasu ajin, in bayani ya cije a warware da Hausa, babu abin kunya a ciki. Dattawanmu kuma a kiyaye musu girmansu. Farfesa ba zai ɗaga hannu a gaban ɗalibinsa na jiya ya ce bai gane ba, amma in an same shi a ofis zai zauna ya koya da kyau.

Bayan bita, a ware mutum ɗaya a kowane sashe wanda za a riƙa nufa in abu ya tsaya, a rage masa kwas ɗaya daga nauyin koyarwa, a kuma lissafa masa wannan hidima a lokacin ƙarin girma. A sashenmu mun fara gwadawa da kanmu: duk Laraba bayan Azahar mukan zauna awa ɗaya, mu takwas zuwa goma, kowa ya zo da abin da ya gagare shi a makon. Zangon da ya wuce malami biyu kawai suka kawo mini maki a takarda.

Na gode Edita, Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Daga wani jami'in jarrabawa a ɗaya daga jami'o'in Arewa