Godiya ga Ma'aikatan Ma'adanar Tarihin Apalaca

Zuwa ga ma'aikatan Ma'adanar Tarihin Apalaca, Jami'ar Jihar Tenesi ta Gabas, Johnson City, Amurka.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. An karɓi kundin digirina na biyu a kan waƙoƙin gargajiya na mutanen duwatsun Apalaca, na ga bai dace in tattara kayana ba tare da na faɗi alherinku a bainar jama'a ba. Yaba kyauta tukwici.

Ranar da na fara hawa benen laburaren Sherrod zuwa ofishinku, ko sunan yankin ban iya faɗa daidai ba. Baiwar Allah da ke teburin karɓar baƙi ta yi murmushi, ta ce mutanen nan "Apalaca" suke cewa, ta karɓi birona ta miƙo mini fensir, don ba a kusantar tsofaffin takardu da tawada.

Abin da ya kawo ni shi ne faya-fayan da Thomas Burton da Ambrose Manning, malamai biyu na wannan jami'a, suka fara naɗa a shekarun 1960 a ƙauyukan kan dutse, har da Beech Mountain ta Karolina ta Arewa. A ciki akwai tsofaffi masu rera dogayen waƙoƙin labari ba kiɗa ba amshi, irin waɗanda kakanninsu suka ƙetaro teku da su daga Ingila da Sikotlan, waɗanda Cecil Sharp, Baturen Ingila mai tattara waƙoƙin gargajiya, ya bi ƙauye-ƙauye yana rubutawa tsakanin 1916 da 1918. Ni da nake taƙama na iya Turanci, na saurari wata tsohuwa sau biyar ban tsinci rabin baitinta ba. Turancin duwatsu daban yake. Ɗaya daga cikinku ya bar aikinsa, ya jawo kujera ya zauna gefena kusan awa guda, muna mai da waƙar baya muna sake ji, har muka warware ta kalma-kalma. Da ya ga ina tsallake tarin tsohuwar da ƙarar ƙofar da ake buɗewa, sai ya ce in rubuta su ma, domin su ne shaidar cewa a ɗakinta take waƙar, jikoki na shige da fice. Ban san akwai ilimi a cikin tari ba sai ranar.

Babban bashin da kuke bina shi ne babi na uku. Na zo da tunanin cewa kiɗan duwatsun nan na fararen fata ne zalla, kamar yadda ake tallata shi. Ba ku yi mini gardama ba, takardu kuka ajiye mini. A nan na san Lesley Riddle, baƙar fata mai kaɗa jita, wanda ya riƙa yawon neman waƙoƙi tare da mawaƙi A.P. Carter, Carter na rubuta kalmomi, shi kuwa yana haddace kari. Iyalin Carter ɗin nan su ne suka yi suna bayan Ralph Peer, wakilin wani kamfanin faifai, ya naɗi muryarsu a Bristol a 1927, garin da bai kai tafiyar awa guda daga ofishinku ba, amma sunan Riddle ya daɗe bai fito fili ba. Sannan ga banjo, abin kiɗa mai tsirkiya, wadda bayin da aka kwaso daga Afirka suka fara haɗawa da duma da fata a tsibiran Karibiyan. Da na ga zanen ta farko-farko sai na yi dariya ni kaɗai, don ƙanwar gurmi ce sak. Dole na rushe babin na sake gini, ban kuma yi da-na-sani ba.

Tun 1978 wannan ofis yake tattara muryoyin manoma da masu haƙar kwal da matan gida, mutanen da ba su taɓa zaton wani zai zo daga wata nahiya ya saurare su ba. Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara wa aikinku albarka.

Jiya da nake kakkaɓe jakata na tsinci fensirinku guda. Zan kawo shi ranar da zan zo sallama.

Naku mai godiya,
Ɗalibin da ke zama kusa da taga.