Wasiƙa zuwa ga ɗiyata a Zariya

Assalamu alaikum, Mamana.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Mu nan lafiya lau, sai hunturu da ya sauko mana da ƙarfi bana. Innarki na gaishe ki, ita ce ma ta ce in rubuto, wai in na kira ki a waya faɗa zan yi.

Yayarki ta dawo daga wurinki da labarin da ya hana ni barci. Ta ce kin rame, ba ki kwanciya sai an kusa kiran assalatu, kina zaune da babban littafi kina zana abin da kika gani a mafarki. Ta buɗe wani shafi ta ga tsohuwa marar fuska tsaye bakin ƙofa, a ƙasa kuma kin rubuta tambayoyin da kika yi wa tsohuwar da amsoshin da ta ba ki. Da ta yi miki magana sai kika ce karatu ne, hanyar Carl Jung ce, masanin halayyar ɗan Adam ɗin nan na ƙasar Switzerland.

Ba na cikin masu cewa ilimin halayyar ɗan Adam karatun mahaukata ne. Kin san wanda ya tsaya miki ranar da Goggonki ta zo har zaure tana kumfar baki. Kuma tun da kika fara kawo sunan mutumin nan gida na nemi abin da zan iya samu na karanta, don kada a ce tsoho na magana a kan abin da bai sani ba. Akwai inda na yarda da shi. Abin da ya kira inuwa, wato halin da mutum ya ƙi yarda nasa ne, ya danne shi, sai ya riƙa ganinsa a jikin wasu yana jin haushinsu, wannan na sha ganinsa a ɗakin malamai kafin in yi ritaya. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Ban kuma ga aibu ba a miƙa wa marar lafiya takarda da fenti ya zana abin da bakinsa ya kasa faɗa, kamar yadda shi Jung ya riƙa yi da masu zuwa wurinsa. Addininmu ma ya raba mafarki uku: na Allah, na Shaiɗan, da zancen zuci, kuma na ukun nan ba haramun ba ne likita ya duba shi. Na ga har labarin Annabi Musa da Halliru na cikin Suratul Kahfi ya yi rubutu a kai, ko da yake ba a wurinsa zan ɗauki tafsiri ba.

Amma wannan zama da kike yi ke kaɗai cikin dare, kina kiran abin da ke cikin ranki kina zance da shi, shi ne ban yarda da shi ba. Kin karanta yadda shi kansa ya shiga ciki? A 1913 ne, shekarar da suka raba gari da Sigmund Freud, babban masanin fannin da suka yi aiki tare. Yana da shekara 38, likita ne da ya yi aiki a asibitin masu taɓin hankali na Burghölzli a Zurich daga 1900 zuwa 1909, ya san ciwon nan ciki da bai. Duk da haka, da ya fara ganin ambaliya tana cinye Turai ido biyu, sai da ya ji tsoron hankalinsa ne ke gushewa. Shi da kansa ya ce iyalinsa da marasa lafiyar da yake dubawa kullum su suka riƙe shi. Jan littafin da ya yi zane-zanen nan a ciki bai fito da shi ba har ya rasu a 1961, sai a 2009 aka buga shi. Ya kuma yi gargaɗi cewa hanyar na da haɗari ga wanda ciwo ke kwance a jikinsa bai riga ya bayyana ba. Mai yasar rijiya ba ya sauka sai da igiya a ƙugu da mutum a baki yana riƙe da ita. Ke wa ke riƙe da taki?

Kin san abin da nake tsoro, ba sai na faɗa ba. Kina ƙarama lokacin Baffanki, amma kin ga ɗakin nan na bayan gida, kin ga yadda Hajiya ta ƙare. Shi ma da rashin barci ya fara, da rubuce-rubuce, kowa na cewa ƙwazo ne. Ni na riƙe shi a mota daga Ƙofar Ƙaura har asibiti. Jininsa jininki ne, Mamana. Da wane ido zan kalli Innarki in na ji wannan labari na yi shiru?

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne kin ɓoye. Kika zo hutun Sallah kika zauna da mu, ina tambayar karatu kina cewa lafiya lau. Ashe kin fi sakin jiki da tsohuwar cikin takarda a kan uwar da ta haife ki? Kada ki kuskura ki ce mini ba za mu gane ba. Mutumin da kike bi ma cewa ya yi mai son duba ran wasu sai an fara duba nasa a hannun ƙwararre, kuma ya ce kashin farko na rayuwa na kafa kai ne, aiki da gida da shiga mutane, juyawa ciki ya fi ƙarfi bayan an manyanta. Kin ɗauki abin da ya yi miki daɗi kin bar sharuɗɗan.

Ban ce ki bar zane ba. Tun kina firamare hannunki ke da kyau, taswirar Katsina da kika zana da ganuwa da ƙofofinta tana nan a akwatina. Ban kuma ce ki bar fannin ba, ƙasar nan na buƙatar irinku, mun ga abin da rashinku ya yi mana. Abin da nake so, ki daina wannan zaman dare daga yau, ki yi barci, ki riƙe azkar ɗinki. Ki sami malami cikin malamanku wanda ke duba marasa lafiya, ki nuna masa littafin, ki gaya masa labarin Baffanki duka, kada ki rage komai don kunya. In ya ce a ga likita, a gani, ni zan biya.

Ki zo gida ƙarshen watan nan, ki taho da littafin, ina so in gani da idona, kuma na yi alkawari ba zan ɗaga murya ba. Innarki ta ba direba dambun nama da kuɗin mota ya kawo miki. Ki kira ta in sun iso. Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare mini ke.

Mahaifinki,
Katsina