Taƙin Hannun Babanka

Wudil, daren Asabar.

Assalamu alaikum, Abba.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da takwarata. Mu nan lafiya ƙalau, sai godiyar Allah. Ƙannenka duk suna gaishe ka.

Na zaɓi in rubuto maka maimakon in kira, domin maganar da ke bakina ba ta waya ba ce. In na ji muryarka nauyi zai kama ni, in karkatar da zancen zuwa tsadar masara da lafiyar jaririya, kamar yadda na saba. Takarda kuwa ba ta da idon da za ta kalle ni da shi.

Tun ranar da aka haihu maganarka take ci mini rai. Ka ce ka kira babanka cikin ɗoki ka shaida masa an sauka lafiya, abin da ya ce kawai shi ne, "Madalla, Allah ya raya," ya miƙo mini wayar. Ka ce shekara talatin da biyar ba ka taɓa jin ya ce ka kyauta ba, ba ka taɓa jin sunanka a bakinsa ba, kuma ka gaji da neman abin da wataƙila babu shi. Ranar ban ba ka amsa ba. Yau ina da amsa, kuma wata waƙa ce ta tono ta.

Ka san babanka da waƙoƙin zamani. Shi mutumin rediyo ne, labaran safe da tafsiri, in ya sake ƙwarai sai kiɗan kalangu ko na gurmi irin na da. Yaran shago in sun kunna nasu a waya, kallo ɗaya yake yi musu su kashe. To makon jiya ɗaya daga cikinsu ya kunna wata, kafin ya ankara ƙafar babanka ta tsaya cak a kan keken ɗinki. Yaron ya yi wuf zai kashe, sai ya ce masa, "Bar ta." Da ta ƙare ya ce, "Maimaita." Da yamma ya dawo gida ya miƙa wa Auta wayarsa, ya ce ta nemo waƙar nan ta sa masa.

Na saurare ta ni ma. Wani matashi ne yake rera wa mahaifinsa. Babu kirari a cikinta, babu zuga. Muryar a ƙasa take, irin wadda ake yi wa marar lafiya magana da ita, kiɗan kuma a sanyaye, yana bin muryar a baya. Abin da yaron ya yi ta lissafawa ƙananan abubuwa ne: takalmin uban da ya cinye ta gefe ɗaya, gyaran muryar da yake yi da asuba in zai fita masallaci, ledar cefane a rataye a kan keke, da yadda yake ture kwano ya ce ya ƙoshi in ya ga tuwon ba zai kai ba. Can sai amshi ya dawo, layi ɗaya tak, ya sake dawowa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa a hankali ya ƙi tafiya.

Daren Laraba na farka ban gan shi ba. Na leƙa zaure, ga shi zaune a kan buzu cikin duhu, waya a kunne, yana share fuska da gefen rigarsa. Shekara talatin da bakwai muna tare, sau biyu kawai na taɓa ganin hawayensa kafin wannan. Na juya zan koma, sai ya ce in zauna. Na ɗauka Malam Babba ya tuna, kakanka mai sunanka, Allah ya jiƙansa. Na ce masa haka. Ya ce e, shi ne. Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce, "Ko yaron nan zai tuna da ni haka?"

Yaron nan, kai ke nan.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa waƙar minti biyar ta yi abin da ni na kasa yi tun aurenmu. Ba zan shiga gardamar malamai a kan kiɗa ba, kowa da mazhabarsa. Abin da na gani da idona nake faɗa. Magana tana buƙatar a haɗa ido, kuma tana jiran amsa. Waƙa ba ta jiran amsar kowa. Labarin wani take bayarwa, uban wani, keken wani, don haka mutum ba ya ɗaura ɗamarar kare kansa. Sai ta riga ta shige ciki sannan zai gane ashe da shi ake. Kuma ba manyan kalmomi ne suka karya shi ba. Da yaron ya ce ubansa gwarzo ne, bango majinginar bayi, da babanka bai ko ɗaga kai daga ɗinkinsa ba, don irin wannan ya saba ji a bakin maroƙa ranar biki. Takalmin nan da ya cinye ta gefe ɗaya, shi ne ya kayar da shi.

Ka duba kuma ka gani, mu mata Allah ya ba mu mafita. Muna da waƙar daka, muna da ta niƙa, muna da ta reno. Abin da ba zan iya faɗa wa ɗan fari a fili ba, na faɗa wa turmi, na faɗa wa goyon da ke bayana, babu mai cewa na yi rashin kunya. Waƙoƙin yabon uwa kuwa ba sa ƙirguwa. Uba fa? Makaɗan fada, masu kotso da masu taushi, in sun ambaci uba don su jero asali ne, ɗan wane jikan wane, giwa ta haifi giwa. Makaɗan maza suna kiran sunan uba don su tunzura ɗan dambe ya shiga fage. Ba a tanadar wa uba waƙar da zai lallashi ɗansa da ita ba, ba a kuma tanadar wa ɗa wadda zai ce ya ga gajiyar ubansa ba. Aka bar su su biyu, kowa ya cika ya batse, babu ta inda zai zubar.

Bari in ba ka abin da na ajiye, don ban ga amfanin in tafi da shi kabari ba.

A 1973, shekarar da aka yi fari, shekarar da naira ta maye gurbin fam, gero bai yi ba a gonar Malam Babba. Babanka yana ɗan shekara goma sha uku. Tsohon ya kama hannunsa suka shiga Kano, ya damƙa shi ga wani tela a Fagge, ya ƙulle masa sule biyar a hankici, ya ce, "Ka ji tsoron Allah, ka bi maigidanka." Ya juya ya tafi, ko waiwaye bai yi ba. Babanka ya rayu shekara da shekaru yana ganin an sauke shi ne kamar kaya, don a rage bakin ci. Sai a zaman makokin tsohon, wani abokin tafiyarsa na ranar ya ba da labari cewa da suka sha kwana Malam Babba ya jingina da bango ya kasa tafiya, kuma har suka iso gadar Wudil bai ce uffan ba, ya kwana biyu bai sa komai a bakinsa ba. Babanka ya ji wannan ne bayan an rufe mai shi da ƙasa. Karo na farko ke nan da na ga hawayensa.

Na biyu a kanka ne. Bazarar 1996, shekarar sanƙarau, annobar da ta ci rayuka fiye da 11,000 a ƙasar nan, Kano kuma na cikin inda ta fi tsanani. Kana ɗan shekara bakwai. Da rana ka ce kanka na ciwo, kafin magariba wuyanka ya sandare. A kafaɗa ya saɓa ka har tasha. Asibitin da muka je a birni ya cika, har ƙarƙashin bishiyoyi an shimfiɗa tabarmi. Kwana tara muka yi. Da rana ba ya shigowa inda kake, yana bakin ƙofa, in an rubuta magani ya karɓi takarda ya tafi. Masu jinya har suna tambayata ko yaron maraya ne. Amma in dare ya raba, kowa ya yi barci, sai ya lallaɓo ya durƙusa, ya ɗora tafin hannunsa a ƙirjinka, ya yi ta karanto addu'a har kiran assalatu. Keken hawansa Raleigh, wanda yake gogewa kowace Juma'a, a wannan makon ya sayar. Shekara biyu yana zuwa shago a ƙasa. Ranar da aka sallame mu, abin da ka ji daga bakinsa shi ne, "Tashi mu tafi."

Ka tuna lokacin da almakashi ya riƙa suɓuce masa yana faɗuwa a bayanka? An gaya masa sanƙarau yakan bar yaro da kurumta. Da gangan yake sakinsa, don ya ga ko za ka waiwayo. Ya fi wata yana yi.

Kayan Sallarka kuma, ka taɓa tambayar kanka yadda suke zuwa daidai jikinka, alhali bai taɓa kiranka ya gwada ka ba? Yaran mutane yana sa musu tef a shago. Kai kuwa sai ka yi barci yake auna ka da taƙin hannunsa, daga kafaɗa zuwa gwiwa, daga wuya zuwa wuyan hannu. Naka yake fara ɗinkawa tun farkon azumi, kafin aikin mutane ya taso, ya naɗe ya ba ni in ɓoye a ƙasan adaka. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Na babanka sai dai a tambayi hannu.

Ban rubuto don in wanke shi tas ba. Kunyar ɗan fari al'adarmu ce, a cikinta muka tashi, kuma tana da kyanta. Ita ke sa kaka da gwaggo da kawu su ja yaro a jiki, ya zama ɗan dangi duka, ita ke hana uba fifita nasa a gaban 'ya'yan 'yan'uwansa. Sunanka kuma sunan mahaifinsa ne, harshensa ba zai iya ɗaukarsa ba, ni ma nawa haka. Amma na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa a firamare, na ga yaran da wannan shirun ya yi wa rauni, kuma na san ciwon da ka faɗa mini na gaske ne. Ni ma ina da kaso a ciki, don na ga duk abubuwan nan na yi shiru.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, al'ada ce, ba addini ba ce. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis. Aƙra'u ya ce shi yana da 'ya'ya goma, bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Annabi ya dube shi ya ce wanda ba ya jin ƙai, ba a jin ƙansa. Ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Nana Faɗima in ta shigo yakan miƙe ya tarbe ta, ya zaunar da ita a mazauninsa. Ka buɗe Suratu Luƙman, aya ta 13 da ta 16 da ta 17, sau uku uban yana buɗe nasiharsa da "ya bunayya", kiran lallashi, kafin ya yi horo ko hani. Annabi Yaƙub kuwa ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, Allah bai ɓoye mana wannan ba, yana nan a Suratu Yusuf, aya ta 84.

Na kawo wannan ne saboda maiɗakinka ta faɗa mini, ba da nufin ƙara ba, cewa in akwai baƙi ba ka ɗaukar jaririyar, in ta yi kuka sai ka fice waje. Gabana ya faɗi da na ji. Malam Babba ya jingina da bango a Fagge inda ɗansa ba zai gani ba. Babanka ya durƙusa a kanka cikin dare inda ba za ka gani ba. Yanzu kai ma ka fara neman naka lungun. Abba, ɗauke ta da rana tsaka. Ka sa ta a kafaɗa ka zagaya tsakar gida, ka yi mata 'yar waƙa ko da muryar ba ta da daɗi, ko da sunanta kawai za ka yi ta maimaitawa. Sunana ne, na yafe maka, ka kira shi. Ba na so wata rana ta girma a Legas sai wani baƙon mawaƙi ne zai sanar da ita cewa ubanta yana sonta.

Game da babanka kuma, kada ka jira ya canza. Ya haura sittin, idonsa ya fara rauni, zare ma sai yara sun zura masa a allura. Ba zai ce maka yana sonka ba, kuma in ka faɗa masa kai tsaye zai rasa inda zai sa kansa, ya ce ana kiran salla. Kada ka tura masa waƙar, yana da ita. Kada kuma ka nuna masa na ba ka labarin zaure. Ka bi da shi ta ƙofar da ya sani. Ka tambaye shi labarin Fagge, da sunan unguwannin da ya zauna, da yadda ya sayi kekensa na farko. Ka ce ka tuna wata rigar Salla mai ruwan ƙasa da ya ɗinka maka, wadda ka ƙi cirewa har kwana uku. Zai ce, "Af, ka tuna wannan?" Iyakar abin da zai ce ke nan, kai kuma ka san abin da ke ƙarƙashinsa yanzu.

Ranar Juma'a ya shiga kasuwa ya yanko yadi biyu na wata atamfa mai ƙananan furanni. Bai ce ta wace ce ba, ni ma ban tambaya ba. Tana nan a kan keke ya kasa sa mata almakashi, don bai san tsawon yarinyar ba, kuma ba zai tambaye ka ba. In ta yi barci yau, ka auna ta da hannunka, daga kafaɗa zuwa ƙafa. Ka kira shi bayan la'asar, lokacin ya rufe shago yana zaune a ƙofar gida, ka faɗa masa taƙi nawa ne. Wayarsa za ka kira, ba tawa ba.

Allah ya yi maka albarka, ya raya mana takwarata. Ka gaishe da maiɗakinka da kyau.

Ni ce,
Mahaifiyarka.