Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu: a duba ruwan da muke sha kamar yadda ake duba wayoyinmu

Mai girma Shugaban Ƙasa, assalamu alaikum. Ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ban taɓa rubuta wa wani shugaba wasiƙa ba, wannan ma na daɗe ina juya ta a raina kafin na zauna na buga ta a waya, amma abin ya kai inda shiru ya fara cin raina, shi ya sa na ce bari dai in faɗa, ko Allah zai sa wani na kusa da kai ya gani ya isar maka.

Ni ɗan Kano ne, kusa da unguwar masana'antu ta Sharaɗa aka haife ni. Akwai wata kwata da ta ratsa bayan layinmu, tun muna yara mun san ta da canza launi, yau baƙi ƙirin, gobe shuɗi-shuɗi, jibi ja kamar an yi yanka a ciki, warinta kuwa in iska ta juyo da magariba sai mahaifiyarmu ta tattara mu daga tsakar gida ta mayar da mu ɗaki da kwanon tuwonmu ta rufe taga. Ruwan kamfanonin fata ne. Ai kakanninmu ma sun yi jima, Kano ta yi suna da fata tun zamanin fatake da ayarin raƙuma, amma su da bagaruwa suke jimarsu. Ta zamani da sinadarin kuromiyom ake yin ta, kuma doka ta ce kamfani ya tace ruwansa kafin ya sake shi, to tacewar nan kuɗi take ci, saki kuwa kyauta ne muddin babu mai zuwa ya duba. Haka ruwan Sharaɗa da na masana'antun Challawa yake gangarawa kogin Challawa, na Bompai kuma ya bi Getsi ya haɗu da Jakara har madatsar Wasai. A bakin waɗannan ruwaye masu lambu suke ban ruwan latas da kabeji da alayyafo da karas, da asuba kayan suna Yankaba, kafin azahar suna cikin tukunyarmu. Ni ba na ganin laifin mai lambu ko kaɗan, ruwan da ya samu ke nan, kuma da shi yake ciyar da iyalinsa.

Abin da ya sa ni rubutun nan shi ne abin da ya faru da wani yaro a layinmu. Wata rana da damina kwatar ta cika ta malalo har ƙofar gidaje, yaran da suka taka ruwan ƙafafunsu suka yi ta ƙaiƙayi har da ƙuraje, awakin wata maƙwabciyarmu guda biyu suka sha suka kwana suna kumfa, gari na wayewa suka mutu, kuma wallahi awakin nan su ne jarinta. Yaron ya ɗauki bidiyo da wayarsa ya sa a Facebook, bai zagi kowa ba, abin da ya rubuta kawai shi ne jama'a a taimaka mana. Kwana biyu da sawa sai ga kira daga wata baƙuwar lamba, mai kiran ya ambaci cikakken sunansa, ya faɗi inda shagon babansa yake, ya ce ya goge in yana son zaman lafiya. Ya goge. Na ga hannunsa yana rawa lokacin da yake nuna min wayar. Ba zan kama sunan kowa ba, ba kuma shi ne manufata ba. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne, kwana biyu kacal aka ɗauka aka gano yaro da sunansa da shagon ubansa, amma bututun da yake zubo mana wannan ruwa ya fi shekara talatin a wurin, kowa yana ganinsa, har yau ban ga wanda ya zo da kwalba ya ɗebi ruwan ya kai a auna ba.

Ranka ya daɗe, ƙasar nan ta kashe kuɗi ba kaɗan ba wajen sa wa mutanenta ido. A 2010 an ba kamfanin ZTE na China kwangilar dala miliyan 470 ta na'urorin tsaro da kyamarori, mafi yawan kuɗin bashi ne, kuma duk wanda ya san Abuja ya ga sandunan kyamarorin nan a tsaye ba sa aiki. A ƙarshen 2020 masu bincike na Citizen Lab da ke Jami'ar Toronto a Kanada sun sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da suke amfani da kayan kamfanin Circles, kayan da suke iya gano inda waya take su kuma saurari kira. A ƙaramin kasafin kuɗin 2021 an ware wa hukumar leƙen asiri ta NIA kimanin naira biliyan 4.8 don bibiyar saƙonnin WhatsApp da wayoyin tauraron ɗan'adam na Thuraya. Sai maganar haɗa layi da NIN da aka fara a Disamban 2020, wadda ba sai an ba mu labari ba, mun sha layi a rana, tsofaffi sun kwana a bakin ofisoshin rajista, a Afrilun 2022 aka toshe kira a layuka sama da miliyan 70. An ce mana in aka gama wannan, duk ɓarawon da ya ɗaga waya ya nemi kuɗin fansa an kama shi. Mun yarda, mun bayar da hotonmu da zanen yatsunmu da adireshinmu. Amma waɗanda suka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 sun yi ta kiran iyalan mutanen da suka kama a waya, suna sako bidiyo, sai a watan Oktoba ragowar mutanen suka dawo gida. Har gobe ƴan bindiga suna ciniki a waya, wasunsu ma suna TikTok suna nuna kuɗi.

Kar a fahimce ni a baibai. Ni ɗan Arewa ne, na yi zaman makokin waɗanda aka kashe a hanya, na sa kuɗina a karo-karon fansa, ba zan taɓa cewa kar jami'an tsaro su bi sawun mugu ba. A bi shi, a kama shi, Allah ya taimake su. Abin da nake kuka a kai shi ne yadda idon nan yake da kaifi a kan mai ƙorafi. An rufe Twitter daga Yunin 2021 har Janairun 2022, daga baya kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa doka. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 an yi ta kama ƴan jarida da masu rubutu da shi, ita ma kotun ta ce a gyara, kai ne ka sa hannu a gyaran a 2024, na yaba, amma kamen bai tsaya ba. Sashe na 37 na tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Sashe na 20 kuma ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da iska da ƙasa. Duka biyun a littafi ɗaya suke, wanda ka rantse za ka kare.

Bari in tsaya a Zamfara, don a can ne abubuwan biyu suka haɗu a kan mutane guda.

A farkon 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa MSF suna zagayen duba sanƙarau da ƙyanda a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum suka tarar da ƙauyukan da yara ƙanana suke mutuwa ba ƙaƙƙautawa, yaro ya fara amai, ya hau fizge-fizge, ya suma, shi ke nan. Ana ta ba su maganin zazzaɓin cizon sauro babu sauƙi. Sai da aka aika jininsu waje aka auna aka gane gubar dalma ce. Farashin zinare ya tashi a duniya, talakawa suka koma haƙa, dutsen da suke samowa kuma cike yake da dalma. A cikin gida ake dakansa, wani lokaci a turmin da ake daka hatsi, a niƙa shi a injin niƙa irin na gari, ƙura ta lulluɓe tsakar gida, yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya sa hannu a baki. Dareta, Yargalma, Abare, Bagega. Yara sama da 400 suka rasu, dubbai suka kamu, waɗanda suka rayu da yawansu dalmar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, kuma wannan ba ya gyaruwa. Wani abin tausayi, likita ba zai iya fara ba yaro maganin fitar da dalma ba sai an kankare ƙasar gidansu an zuba sabuwa, in ba haka ba yana komawa gida zai sake kwasa. Bagega ta zauna jiran kuɗin wannan aiki har 2013, kuma sai da matasa suka tashi da gangami a shafukan sada zumunta, suka yi ta kiran sunan Bagega dare da rana, sannan gwamnatin tarayya ta saki kuɗin. Wato bakin mutane a intanet ne ya ceci yaran nan. Da a lokacin wani ya kira matasan ya ce su goge, da har yau yaran Bagega suna rarrafe a kan guba. Shekara biyu bayan nan, a 2015, abin ya sake faruwa a Shikira da ke ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, yara 28 suka tafi.

A wannan jihar ta Zamfara ce kuma aka kashe sabis ɗin waya gaba ɗaya a Satumban 2021, umarni guda aka bayar cikin kwana ɗaya komai ya ɗauke, mutanen Gusau suna shiga mota har Funtuwa don kawai su kira ɗan uwa ko su karɓi kuɗi. Ka ga ke nan in gwamnati ta so abu tana da hannun yin sa cikin gaggawa. Mai naƙuda da dare, mai yaro yana fizge-fizge, ba su da hanyar kiran kowa a watannin nan. Yanzu kuma an ɗage haramcin haƙar ma'adinai a jihar tun ƙarshen 2024, to, madalla, mutane na buƙatar abin yi, amma wa yake zagayawa ƙauyukan yana auna ƙasar tsakar gidaje? Akwai ƴar na'ura ta hannu da ake ɗorawa a ƙasa ta nuna yawan dalmar da ke ciki nan take, da ita aka yi aikin 2010. Kuɗin da aka ware wa bibiyar WhatsApp a shekara ɗaya zai saya wa kowace ƙaramar hukuma mai haƙar zinare irinta, har a biya ma'aikatan da za su riƙe ta.

Ƴan uwanmu na Neja Delta sun riga mu shan wannan. Ken Saro-Wiwa a kan malalar mai a ƙasar Ogoni ya ɗaga murya, aka rataye shi da mutum takwas ranar 10 ga Nuwamba 1995. A 2011 rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya zo ya tabbatar da kukansa, ya samu rijiyoyin sha a Ogale da sinadarin benzin mai jawo kansa ya ninka ƙa'ida sau 900, ya ce gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Mutanen Fatakwal tun 2016 suke share baƙin toka daga hancin ƴaƴansu.

Na san abin da ake faɗa, wai mu ƙasa ce mai tasowa, in aka matsa wa kamfani zai rufe ya tafi, aiki ya ɓace. Ni ma ba na son a rufe ko ɗaya, abokaina da yawa a can suke samun na cefane, kuma Kano ta ga yadda masaƙu suka mutu suka bar mutane a titi. Amma kuɗin tace ruwan da kamfani bai biya ba ai ba ɓacewa yake ba, mu muke biyansa, a kemis, a layin wankin ƙoda, a awakin da suka mutu. An kafa hukumar kula da dokokin muhalli ta NESREA tun 2007 don wannan aiki. A ba ta kuɗi da motoci da ɗakin gwaji, a auna ruwan Challawa da Jakara duk wata, a manna sakamakon a fili da Hausa yadda mai lambu da mai shayi za su karanta, kamfanin da ya ƙi gyarawa a ci shi tara mai zafi a kuma faɗi sunansa.

Ta ɓangaren waya kuma roƙona ba mai wahala ba ne. Kai ka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a Yunin 2023, to dokar ta hau kan hukumomin gwamnati kamar yadda ta hau kan banki. Kar a saurari wayar kowa sai alƙali ya ga dalili ya ba da izini, majalisa ta riƙa sanin me aka saya da nawa aka saya, ma'aikacin da ya ɗauki bayanan NIN ko na layin wani ya miƙa wa mai kuɗi don a tsorata talaka a kai shi kotu kowa ya gani. Wanda kuma ya ɗauki hoton kwata ko hayaƙi ko gawar kifi a bakin kogi ya nuna wa duniya, a ɗauke shi a matsayin wanda ya taimaki gwamnati, don ya yi mata aikin da ma'aikatanta ba su kai gare shi ba.

Yaron nan na layinmu har yanzu bidiyon yana cikin wayarsa, daga Facebook kawai ya goge. Na tambaye shi ko zai yarda ya nuna in hukuma ta zo da gaske, ya ce zai nuna, har bakin bututun ma zai raka su, in dai an tabbatar masa ba abin da zai sami babansa. Damina ta kusa, kwatar za ta sake cika. Muna roƙo a turo masu awo kafin ruwan farko.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ƙasarmu lafiya.

Naka ɗan ƙasa,
daga Sharaɗa, Kano.