Mutumina, ka sake sauraron faifan nan

Assalamu alaikum. Ya Kumasi, ya kasuwa, ya uwargida da yara? Shirunka ya yi yawa, har Inna ta fara tambayata ko faɗa muka yi. Sai shekaranjiya ga saƙonka na murya, kuma maimakon ka gaya mini ranar zuwanka, sai ka ɓige da cewa faifan da na tura maka hayaniya ce kawai, wai waƙa ba amshi. Haba mutumina! Kai da kunnenka ya saba da kiɗan gidan biki, ina za ka gane faifan Madvillainy a zama ɗaya, kana tsakiyar ciniki?

Faifan ya fito a 2004 daga kamfanin Stones Throw na Amurka, aikin mutum biyu ne, Madlib mai haɗa kiɗa da MF DOOM mai waƙa. Waƙoƙi 22 ne a cikin minti 46 ko kusa da haka, ka ga ke nan yawancinsu gajeru ne. Da gangan suka yar da amshin. DOOM yakan shigo ya zuba baitinsa ya fita, ba ya tsayawa maimaita maka komai don ka haddace. Ɗauki ta biyu a jerin, wadda aka gina a kan sautin akodiyon, wato abin kiɗan da ake matsawa ana buɗewa da hannu biyu, ko minti biyu ba ta cika ba. Sa abin ji a kunne, ka buɗe rubutun kalmomin a waya, ka bi shi ɗango bayan ɗango. Mu mun saba jiran amsa-amo a ƙarshen layi. Shi kuwa a tsakiya yake dasa shi, gaɓa uku ko huɗu su amsa wa juna, kafin ka farga ya ɗauko wani ya ɗora a kai. Ga muryar ƙasa-ƙasa, ba ihu, ba cika baki. Wannan natsuwar ce take kama ni kullum.

Af, kafin in manta, Dogo ya yi aure. Eh, Dogon da ka sani, mai rantsuwar nan. Mun sha shinkafa, kuma kowa ya tambayi rabonka.

Kiɗan kuma da ka ce ƙura ce a cikinsa, ai ƙurar ita ce daɗin. Madlib ya haɗa da yawa daga ciki a ɗakin otal a Sao Paulo ta Burazil, da ɗan ƙaramin garmaho, da rakodar kaset, da wata 'yar na'urar yankan sauti mai suna SP-303. Tsofaffin fayafayai yake saye, ya yanko daƙiƙa biyu ko uku, ya yi ta juya su, ya bar ƙarar allura da shuuu ɗin kaset yadda suke. Yana cusa muryoyin tsofaffin finafinai tsakanin waƙoƙi, sai ka ji kamar kana murɗa rediyo da tsakar dare kana faɗawa tasha bayan tasha. In ka gama da shi zan tura maka faifan Donuts na J Dilla, wani mai haɗa kiɗa mutumin Detroit, wanda ya fito ranar 7 ga Fabrairun 2006, kwana uku kafin rasuwarsa. Shi gangarsa takan ɗan makara ko ta ɗan riga, don ba ya barin na'ura ta daidaita masa bugu.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne DOOM ɗin kansa, mutumin da ya riƙa rufe fuskarsa da fuskar ƙarfe. A 1993 mota ta kashe ƙaninsa da suke ƙungiyar waƙa ta KMD tare, kamfanin faifansu na lokacin kuma ya sallame su, DOOM ya ɓace shekaru, sannan ya dawo da fuska a rufe, yana so a saurari kalmominsa a ƙyale kamanninsa. Ko da ya rasu a ƙarshen Oktoban 2020, sai bayan wata biyu iyalinsa suka sanar.

Ƙaninka Auta ma ya kamu. Ya kwaso kaset-kaset ɗin Baba daga cikin adaka yana yanko kalangu a waya, duk dare sai an kore shi ya kwanta. Ɗaya ya yi kyau ƙwarai, zan sa ya turo maka.

Ka gaida uwargida, ka shafa mini kan yara. Kuma ka saurara da dare, bayan ka rufe shago.

Naka har kullum,
abokinka na Fagge